Ba Hanyar Makaranta Ba Ce

Shafi na 31

Masu cika min waya da saƙo tun shekaranjiya, ku yi haƙuri, jiki ne ya ƙi. Ga naku, a karanta a nutse.

*

Tunda aka sallamo Malama daga asibiti, ba ta taɓa tsallake ƙofar gida da ƙafarta ba sai yau.

Likitar gashin ƙashi ce ta ba da umarnin. Ta ce yawon cikin ɗaki ya isa haka. Daga gado zuwa kujera, daga kujera zuwa banɗaki, ƙafa ta riga ta haddace, ba abin da take ƙara koya. A fita da ita titi ta taka tudu da kwari, ta ji hayaniya, ta gaji, ta dawo.

Mijinta, Kafinta, ya so a bari sai ya taso daga shago ya raka ta da kansa. Yayarta ta ce a'a, ya tafi aikinsa, ita me ya kawo ta gidan in ba wannan ba. Ya daɗe a bakin ƙofa yana juya mukulli a hannu, sannan ya ce to a bi hagu, hagu ta fi inuwa. Har ya fita ya sake leƙowa ya maimaita.

Shirin fitar kaɗai ya kusa cinye wa Malama ƙarfin yinin.

Maɓallin riga ya ƙi shiga, don hannun dama har yanzu sai ya ga dama yake jin magana. Yaya ta miƙo hannu za ta taimaka, Malama ta kauce. Ta yi ta fama har ya shiga, a ramin da ba nasa ba, ta bar shi a haka. Ta ja ɗankwali ta rufe tabon da ya taso daga saman kunnenta ya zagaya ƙeya, inda gashi ya ƙi fitowa.

"Miƙo min cokali," ta ce, tana nuna takalmi.

Yaya ta miƙo takalmin. Da farko sukan yi dariyar irin wannan, har Yaya ta ce saura ranar da za ta nemi a zuba mata shayi a takalmi. Yanzu dariyar ta tsufa. Malama ta san kalmar da take so, tana ganinta, sai ta buɗe baki wata ta riga ta fitowa.

Likita ya ce haka buguwar kai take. Magana za ta dawo, ƙafa za ta dawo, amma a hankali, kuma ba wanda zai yi mata alkawarin iya inda za su kai. Abin da bai ce zai dawo ba shi ne shekarun da suka ɓace mata. Abu na ƙarshe da take tunawa sosai shi ne ranar da suka tare a wannan gidan, tana riƙe wa Kafinta tsani yana kafa labule. Daga nan sai fankar da ke juyawa a saman gadon asibiti. Tsakani, wajen shekara uku, babu komai.

Abin da aka faɗa mata shi ta riƙe. Mota ce ta buge ta da safe, tana hanyar makaranta za ta koyar.

Da suka fito, sai suka tarar hagu a toshe. Masu gyaran bututun ruwa sun haƙe layin daga bango zuwa bango, sun ɗora falankin katako ɗaya ana bi. Malama ta dubi katakon, ta dubi sandarta.

Yaya ta dubi ramin. Ta ce ko su koma ciki, a bari sai an cike ramin.

"Na riga na sa takalmi," in ji Malama. "Ba zan cire ba."

Suka bi dama.

Titin bai yi mata maraba ba. Hon ɗin mota, ƙarar injin mai walda, rediyon wani shago, duk suka faɗo mata cikin kai lokaci ɗaya, ba wanda ya jira wani. A da, aji cike da ihun yara ba ya hana ta jin wanda ya yi raɗa a bencin baya. Yanzu murya biyu sun isa su ɗaure mata tunani.

Ta kafa ido a ƙasa. Sanda, ƙafar hagu, ta jawo ta dama. Sandar ma Kafinta ne ya sassaƙa mata, ya naɗe mariƙin da roba don kar gumi ya sa ta zame.

Kafin su kai inda layin ya haɗu da babban titi, ta gaji liƙis, ta tsaya ta dogara da sandar.

"Malama? Ke ce da ƙafarki?"

Wata tela ce mai shago a kan kwanar, igiyar awo rataye a wuyanta. Malama ba ta gane ta ba, amma ta daɗe da koyon murmushin da ake yi wa waɗanda suka san ka ba ka san su ba. Matar ta jawo kujera, ta kawo ruwa, ta yi ta godiya ga Allah. Bakinta bai tsaya ba. Ta ce tun ranar take tambayar masu wucewa labarinta, ta ce wallahi ba ta zaci za a tashi ba, ta ce har yau in mota ta taka burki a wurin sai gabanta ya faɗi.

Yaya ta ce sun gode, za su koma, an ce kar ta daɗe a rana.

"A kan idona fa aka yi," telar ta ci gaba, tana nuni da haɓa. "Nan, gaban wancan turken wutar. Kina janye da akwatinki za ki tsallaka wajen masu motar haya. Akwatin ya fashe, kaya suka watsu har cikin kwata. Ni na bi na tattara, na ajiye a nan sai da maigidanki ya zo ya karɓa. Ina fata ba abin da ya ɓata?"

"Ba abin da ya ɓata," Yaya ta amsa da sauri. "Tashi mu je, Auta."

Malama ta tashi. Ta ma yi godiya.

Tun bayan haɗarin, magana ba ta iso mata lokacin da aka faɗe ta. Sai ta tsaya a bakin ƙofa tukuna, ta shigo daga baya. Sun yi rabin hanyar komawa sannan maganar telar ta ƙaraso.

Ta tsaya cak. Akwai dakali a ƙofar wani gida, ta zauna a kai.

Yaya ta tambaya ko jiri ne. Malama ta girgiza kai.

"Yaya, makarantarmu ta ina take?"

"Me ya kawo wannan kuma?"

"Ta hagu take. Wannan ban manta ba." Ta numfasa, tana tattaro kalmomin ɗaya bayan ɗaya don kar su gudu. "Me nake yi a dama? Da... da..."

Kalmar ta maƙale. Ta zana murabba'i a iska da hannun hagu, ta yi alamar ja. Yaya ta san abin da take nufi sarai, amma yau ba ta cika mata ba kamar yadda ta saba.

"Akwati," Malama ta samo da kanta. "Wa ke zuwa koyarwa da akwati?"

Yaya ta ce telar nan surutu ne da ita, ƙila ta haɗa ta da wata. Ta ce rana ta yi, lokacin magani ya wuce. Ta ce abubuwa da yawa, ba ko ɗaya da ta faɗa tana kallon idonta.

"Wajenki za ni?"

Yaya ta mayar da ido kan titi.

"Yaya, kaina ne ya bugu. Ban koma yarinya ba."

Yaya ta zauna a gefenta a kan dakalin, ta cire takalmi ɗaya tana murza ƙafa. Sai yanzu Malama ta lura yadda fuskarta ta faɗa. Wata da watanni ke nan matar nan ta bar gidanta da 'ya'yanta tana zirga-zirga, yau can gobe nan.

"Wajena za ki," ta ce a ƙarshe. "Kin kira ni da safen, kika ce in share miki ɗaki. Iya nan zan tsaya, Auta. Sauran ba a bakina ya kamata ki ji ba."

Malama ba ta matsa ba. Ba ta da ƙarfin matsawa. Ta dafa sanda ta miƙe, suka ƙarasa gida.

*

Ƙa'ida ce in ta yi motsa jiki ta kwanta, ko da barci bai zo ba, a ja labule, a kashe duk abin da ke ƙara. Yau ta ƙi. Ta zauna a kujerar falo da takalminta da ƙarfen da ke riƙe mata idon sawu, tana kallon bango.

Bangon duk aikin hannun Kafinta ne. Ya bi shi da katakon da za ta riƙa dafawa tun daga ɗaki har banɗaki, ya goge shi sumul don kar sartse ya shige ta. Ya rage wa gado tsawo. Ya yi mata kujerar wanka mai wurin dafa hannu. Shi ya koya mata haɗiyar ruwa lokacin da ruwa ke sarƙe ta, shi ya riƙe mata cokali har hannunta ya karɓa. Ranakun da take zaginsa ba dalili, ta jefe shi da kofi, sai ya tsince kofin ya ce likita ya ce ciwon ne, ba ita ba ce.

Ta nemi fushi a ranta ba ta samu ba. Gajiya kawai ta samu, mai nauyi, kamar an jiƙa bargo an yafa mata.

Bayan la'asar Kafinta ya shigo, garin katako a gashinsa da girarsa, ledar magani a hannu. Ya gaida Yaya, ya tambayi yadda fitar ta kasance. Yaya ta ce lafiya, ta shige kicin.

Ya durƙusa a gaban Malama kamar kullum zai kwance mata ƙarfen ƙafa. Yana yi yana tsokanarta, wai ya ji labari a gari an ce wata ta fito tsere da motoci.

"Dama muka bi," ta ce.

Hannunsa ya tsaya a kan maɗaurin.

"An haƙe hagu. Mun je har bakin titi. Na ga telar."

Bai ɗago ba. Ta ga yadda wuyansa ya rame, ƙashin ya fito ta bayan rigar.

"Ina za ni da akwati?"

Ya ce ta gaji, ta bari ta sha magani ta huta, za su yi magana. Ta ce ta huta, hutun ne ma ya ishe ta. Ya ce likita ya hana a tayar mata da hankali. Ta ce ranar da likitan ya hana, tana kwance ba ta san sunanta ba ne, yau kuwa ta taka har titi.

Sai ya juya wajen kicin.

"Yaya, ai na ce hagu."

Yaya ta fito tana goge hannu a zani. Ba ta ɗaga murya ba.

"Ka ce. Ni ma na ga ramin, na ce mu koma, ta ƙi. Da na so, da na mayar da ita ciki da ƙarfi. Ban so ba." Ta jingina da ƙofa. "Na gaji, ƙanena. Kullum in zan yi mata magana sai na tace, in ga me zan faɗa me zan haɗiye. Kai ma ka gaji, dubi yadda ka koma. Yaushe za a daina?"

Kafinta ya zauna a ƙasa daɓas, ya jingina bayansa da ƙafar tebur. Ya daɗe yana kallon tafin hannunsa.

"Barin gidan za ki yi," ya ce.

"Yaji?"

"A'a."

Ta jira. A da ita ce ba ta iya jira, yanzu jira ne aikinta.

"Na sake ki da safen. Saki ɗaya."

Maganar ta tsaya a bakin ƙofa kamar yadda kowace ke yi. Malama ta ji ƙarar famfo na ɗiga a kicin, ta ji wani yana buga ƙusa a maƙwabta. Sannan maganar ta shigo.

Ta dubi ƙafarta, wadda rabin maɗaurinta ke kwance, rabi a ɗaure.

"To ni... a nan... mece ce?"

"Matata ce ke." Ya faɗa da sauri, karo na farko da ya dube ta. "Na mayar da ke tun kina kwance ba ki farfaɗo ba. A gaban Yaya da kawunki. Ban taɓa ki da hannuna ba sai da na mayar. Ki tambaye ta."

Yaya ta gyaɗa kai.

"Ina kwance," in ji Malama.

"E."

"Ba ka tambaye ni ba."

"Ba ki ji, Malama. Injin ne ke yi miki numfashi."

"Da na farka fa?"

Ya ce da ta farka, shi ta fara nema. Ba ta gane kowa ba sai shi. Ta riƙe masa riga, tana tambayarsa ko an gama kafa labulen. Ya ce ta dube shi irin kallon da ya daɗe bai gani ba, ya rasa ta inda zai fara. Ya ce bari ta iya zama tukuna. Da ta zauna, ya ce bari ta iya tsayuwa. Da ta tsaya, ya ce bari magana ta dawo. Kullum da abin da yake jira.

"Kullum ina addu'a ki warke," ya ce. "Kuma duk ranar da kika tuno wani abu, ko sunan wata ɗalibarki ne, sai cikina ya ɗuri ruwa. Haka nake kwana, haka nake tashi. Ban san wanne nake roƙo ba kuma."

Malama ta rufe ido. Bayan kunnenta ya fara sara, alamar ta wuce iyakarta ta yau. Ta san in ta ci gaba, gobe ba za ta iya ɗaga kai daga matashi ba. Amma ta san in ta kwanta yanzu, tana iya tashi rabin maganar ta zube, su kuma su yi shiru su bar ta a zube.

"Me na yi maka?"

"Ba ki yi min komai ba."

"To me ya sa ka..." Kalmar ta gudu. Ta buɗe tafin hannu, ta yi alamar sakin abu.

"Ke kika nema," ya ce. "Kin daɗe kina nema. Ba faɗa, ba zagi. Kullum in na dawo sai ki ce in sawwaƙe miki, ba ki iya kallon fuskata. Na ƙi, na ƙi, har ranar na ga ina kashe ki a tsaye ne. Na ba ki. Ko shayin da kika dafa ba ki sha ba kika fita."

Ta buɗe ido ta dube shi sosai. Mutumin da ya wanke ta, ya goge ta, ya kwana a tabarma a gindin gadonta. Ta laluba cikin kanta ko za ta samo matar da ba ta iya kallon wannan fuskar. Ba ta nan. Ko inuwarta babu.

Abin ya ba ta tsoro fiye da sakin.

"Ni ba na ƙin mutum haka kawai," ta ce a hankali. "Na san halina. Me ka yi?"

Yaya ta ce ya isa haka na yau, a bar sauran gobe, ga shi idonta har ya kaɗa. Ta matso za ta kama ta. Malama ta ɗaga sanda ta tare tsakaninsu, ba da faɗa ba.

"Ke kika ce kin gaji, Yaya. Ni ma na gaji. A gama."

Kafinta ya shafa fuska, garin katakon ya zubo masa a gwiwa. Ya dubi Yaya kamar mai neman a karɓe shi. Yaya ta kau da kai, ta toshe baki da gefen mayafi.

"Ba zan iya faɗa miki abin da na yi ba," ya ce, "sai na fara faɗa miki wani abu. In ba haka ba, ba za ki gane ba."

"Faɗi."

"Tabon da ke ƙasan cibiyarki."

Hannunta ya tafi wurin da kansa. Ta san shi, tana ganinsa kullum wajen wanka. Ta taɓa tambaya tun a asibiti.

"Ka ce aiki aka yi min. Na haɗarin."

"Ba na haɗarin ba ne, Malama. Ya girmi haɗarin da shekara biyu."

Wannan karon maganar ba ta tsaya a bakin ƙofa ba.

Sandar ta zame daga hannunta ta faɗi. Ta dubi Yaya, wadda kafaɗunta ke rawa. Ta dubi falon, kusurwa kusurwa, kamar yau ta fara shigarsa. Ba ƙaramin takalmi, ba abin wasa, ba zanen alli a bango. An share gidan tas.

Bakinta ya buɗe, kuma kalmar da take so ita ce ta fito, ba wata ba.

"Na haihu?"

Ya gyaɗa kai.

"Mace ko namiji?"

"Mace."

Malama ta dafa hannun kujera, ta miƙe tsaye ba sanda, ba wanda ya riƙe ta.

"Tana ina?"